Zangunan Ghana: Inda Hausa ta zama harshen gida amma ba ta da kujera a aji

A unguwar Nima da ke tsakiyar Accra, babban birnin Ghana, ba abin mamaki ba ne yaro ɗan shekara 10 ya yi magana da harsuna huɗu kafin rana ta faɗi.

Da Hausa mahaifiyarsa za ta tashe shi. In ta aike shi sayen gawayi ko tumatir, mai yiwuwa da harshen Twi zai yi ciniki, domin shi ne ya fi tafiya a kasuwannin kudancin ƙasar. A makaranta da Turanci ake yi masa darasi. A filin ƙwallo shi da abokansa su koma Turancin buroka. Da yamma kuma ya zauna gaban malam yana biya karatu da Larabci, ana fassara masa da Hausa.

Abin da kan ba baƙo daga Kano ko Maraɗi mamaki shi ne amsar da zai samu idan ya tambayi asalin yaron. Sau da yawa uban Bamoshe ne da kakanninsa suka zo daga Burkina Faso, uwar kuma 'yar Kotokoli ce daga tsakiyar Togo. Ko ɗaya cikin kakanninsa bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Amma da Hausa yake kuka, da ita yake tsokana, da ita yake roƙon gafara in ya yi laifi.

Haka zancen yake a Mamobi da Sabon Zango da Madina a Accra, da Aboabo da Asawase a Kumasi, da zangunan garuruwa da dama na ƙasar. Hausa ce harshen farko na ɗimbin yaran da aka haifa a can. Sai dai idan aka buɗe jerin harsunan da gwamnatin Ghana ke bugawa littattafai tana kuma koyarwa a makarantu, babu ita a ciki.

Goro ne ya fara share hanya

Tun kafin Turawa su zana iyakoki, fatake daga Kano da Katsina da Borno ke kora jakuna zuwa ƙasar da suke kira Gwanja. Suna kai kanwa da tufafi da kayan fata, su sayo goron da ke fitowa daga dazukan Ashanti. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari sun yi suna a wannan fatauci, kuma tafiya ce ta watanni.

Babbar mahaɗar ita ce Salaga, garin da ya shahara da cinikin goro, ya kuma shahara da cinikin bayi. A bayan gari ayari ke sauka, kuma wurin saukar shi ne zango. Kalmar da ta fara da ma'anar wurin kwana ɗaya ko biyu ita ce yau ta zama sunan unguwannin da jama'a suka yi shekara fiye da 100 a cikinsu.

Abubuwa biyu ne suka watsa mutanen Salaga. A 1874 sojojin Birtaniya suka ci Kumasi, ikon Ashanti a kan hanyoyin ciniki ya yi rauni, 'yan kasuwa suka fara gangarawa har bakin teku. A 1892 kuma yaƙin basasa ya ɓarke a Salaga kanta. Malamai da attajirai suka bazu zuwa Kete-Krachi da Yeji da Kintampo da sauran garuruwa, kowa ya tafi da harshensa da allonsa.

Cikin waɗanda suka koma Kete-Krachi akwai Alhaji Umaru, malamin da aka haifa a Kano, ya rayu a can har rasuwarsa a 1934. Ya yi rubuce-rubuce da Larabci da Hausar ajami, ciki har da waƙoƙi kan zuwan Turawa da kan talauci. Wato dai wani yanki mai daraja na adabin Hausa a ƙasar Ghana aka rubuta shi, abin da ɗalibai da yawa a Najeriya da Nijar kan ji a karon farko sai sun shiga jami'a.

Hanya ta biyu ita ce bariki. A 1863 wani hafsan Birtaniya, John Glover, ya kafa 'yar rundunar Hausawa a Legas, kuma an yi amfani da irin waɗannan dakaru a yaƙin Ashanti. Daga nan Hausa ta zama harshen ba da umarni a soja da 'yan sandan mulkin mallaka. Saurayin Frafra ko Dagomba da aka ɗauka aiki dole ya koye ta kafin ya fahimci sajansa. Hatta taken rundunar sojan ƙasar a wancan zamani da Hausa yake: Kullum Shiri. Da waɗannan sojoji suka yi ritaya, da yawansu a zango suka kafa gida.

Me ya sa Hausa, ba wani harshe ba?

A yawancin zanguna Hausawan asali ba su ne masu rinjaye ba. Akwai Mosawa da Zabarmawa da Kotokoli da Wangarawa da Fulani da Yarbawa da Barebari da Dagomba da Busanga da Gurmawa. Nima kanta wani Bafulatani mai cinikin shanu, Malam Amadu Futa, ake danganta wa kafa ta a shekarun 1930. Sabon Zango na Accra ne ke da tushen Hausawa kai tsaye, domin Malam Bako, wanda mahaifinsa ya fito daga Katsina, shi ya kafa shi a farkon ƙarni na 20.

To ta yaya harshen marasa rinjaye ya rinjayi na kowa?

Amsar tana cikin yadda baƙo ke samun gindin zama. Wanda ya sauka a Kumasi yana neman aikin gonar koko ko dako ba shi da kowa. Maigidan da zai ba shi ɗaki, ya tsaya masa a ciniki, ya ajiye masa kuɗi, da Hausa yake magana. Limamin da zai ɗaura masa aure, ya raɗa wa ɗansa suna, ya sallaci gawarsa, da Hausa yake wa'azi. Sarkin zangon da zai raba shi rigima da maƙwabci, da Hausa yake shari'a. Zama da maɗaukin kanwa, in ji Hausawa, shi ke kawo farin kai.

Sannan ga aure. Idan Bazabarme ya auri 'yar Dagomba, babu wanda ke jin harshen wani, amma dukansu suna jin Hausa. Ita za ta zama harshen ɗaki, ita 'ya'ya za su buɗi baki da ita. A gidan haya guda ana iya samun iyalai na ƙabilu biyar ko shida suna raba tsakar gida ɗaya da famfo ɗaya, yaransu kuwa ba su jiran kowa ya zaɓa musu harshen wasa.

Wata masaniyar halayyar al'umma 'yar Amurka, Enid Schildkrout, ta bi rayuwar Mosawan zangon Kumasi a littafin da ta wallafa a 1978. Ta nuna yadda 'ya'yan baƙin da aka haifa a can suka tashi da Hausa a bakinsu da al'adun zango a jikinsu, alhali suna ci gaba da kiran kansu Mosawa. Ita ma Farfesa Mary Esther Kropp Dakubu ta Jami'ar Ghana, a nazarinta na tarihin harsunan Accra, ta sanya Hausa cikin manyan harsuna huɗu da birnin ke tafiya a kansu, tare da Ga da Akan da Turanci.

Wannan nasara tana da nata farashin, kuma ba a cika faɗarsa ba. A gidaje da yawa kaka ce kaɗai ta rage mai jin harshen Moshi ko Kotokoli sosai. In aka je ƙauyen asali biki ko gaisuwar mutuwa, jikoki kan zauna shiru kamar baƙi, sai an yi musu tafinta. Abin da Turanci ke yi wa Hausa a wasu gidajen 'yan boko na Abuja, shi Hausa ke yi wa waɗannan harsuna a Nima.

Hausar da ake yi wa dariya

Hausar Ghana, wadda masana ke kira Gananci, ba ta ɓuya. Abu na farko da kunnen Bakano zai kama shi ne rashin bambance namiji da mace. Za ka ji an ce "mamana ya zo", ko a ce wa yarinya "ka zauna". Na biyu, haruffa masu lanƙwasa sukan miƙe a bakin masu magana da yawa, ƙ ta koma k, ɗ ta koma d, har "ƙasa" da "kasa" su zo da sauti guda, sai jimla ta raba su. Na uku kuwa aro ne daga Twi da Ga da Turanci. Ɗan zango ba ya hawa motar haya, trotro yake hawa.

A Facebook da TikTok an sha mayar da wannan abin barkwanci, wasu ma su ce ai wannan ba Hausa ba ce. Masu wannan magana sun manta da abu biyu. Zubar da bambancin jinsi ba a Ghana kaɗai yake ba, ana jin sa a wasu sassan kudancin ƙasar Hausa da kuma garuruwan arewacin Najeriya da Hausa ta zama harshen kasuwa. Kuma duk harshen da ya fita daga gidansu ya shiga bakin wasu al'ummomi haka yake yi, yana sauke wasu kaya ya ɗauki wasu. Wanda ke alfahari da cewa ana jin Hausa daga Sudan har Ghana, bai kamata ya yi tsammanin za ta isa can da rawaninta bai karkace ba.

Su kansu mutanen zango sun san bambancin. Suna kallon finafinan Kannywood, suna sauraren sassan Hausa na BBC da DW, suna jin wa'azin malaman Najeriya a wayoyinsu. Da yawansu na iya karkata harshe zuwa Hausar Kano idan suna magana da baƙo, su dawo tasu da zarar sun juya ga ɗan unguwa. Tashoshi irin su Marhaba FM a Accra da Zuria FM a Kumasi kuma da Hausar gida suke hira da jama'arsu. Mawaƙan VIP, waɗanda suka taso daga Nima suka yi tashe a farkon shekarun 2000, sun riƙa cuɗa Hausa da Twi da Turancin buroka a waƙa guda, kamar dai yadda ake magana a layinsu.

Hausa ba ta tsaya a zango ba. Ta bi ta cikin tukunya ta shiga bakin kowa.

Abincin da 'yan Ghana ke ji da shi, waakye, wanda ake furtawa kamar "wace", sunansa daga wake ya fito, wato shinkafa da wake. Kokon safe sunansa Hausa koko, abokin tafiyarsa koose, wato ƙosai. Tuo zaafi tuwon zafi ne. Akwai maasa da pinkaso da kulikuli, kuma mai gasa nama a bakin titi abochi ake ce masa, daga aboki.

Kalmar da ta fi nuna yadda harsunan suka cuɗanya ita ce kayayoo, sunan da ake kiran 'yan matan da ke dakon kaya a ka a kasuwannin Accra da Kumasi. Rabin farko kaya ne na Hausa, rabi na biyu yoo ne, wato mace a harshen Ga. Mafi yawan 'yan matan daga arewacin Ghana suke zuwa, kuma da yawansu ba sa jin ko ɗaya daga cikin harsunan biyu da aka haɗa aka yi musu suna.

Tabon 1969

Duk da wannan daɗewa, akwai kallon da bai gushe ba: cewa Hausa harshen baƙi ce.

A ranar 18 ga Nuwamban 1969 gwamnatin Firaminista Kofi Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardun zama mako biyu ya bar ƙasar. Dubun dubatan mutane suka fita, yawancinsu 'yan asalin Najeriya da Nijar da Burkina Faso da Togo, ciki har da waɗanda a Ghana aka haife su kuma ba su san wata ƙasa ba. Zanguna ne suka fi jin jiki. An sayar da gidaje da rumfuna a wulaƙance, an raba iyalai. Najeriya ma ta yi irin wannan kora a 1983, wadda ta bar wa duniya sunan jakar nan ta Ghana Must Go.

Abin da ya biyo bayan 1969 ya shafi yadda mutum ke gabatar da kansa. Kasancewa ɗan wata ƙabila da ake ganin tana da ƙasa da sarauta a cikin Ghana ya zama kariya. Har yau mazauna zango na kokawa cewa idan lokacin rajistar zaɓe ko neman fasfo ko katin ɗan ƙasa ya zo, sunan Musulunci da harshen Hausa kan jawo musu ƙarin tambayoyi: ina ne garinku na asali? Wanda kakan kakansa ya zo Accra tun kafin a haɗa ƙasar da ake kira Ghana ba shi da wani gari da zai ambata in ba Accra ba.

A ƙidayar jama'a ma, manyan rukunan ƙabilun da ake lissafawa su ne irin su Akan da Mole-Dagbani da Ewe da Ga-Dangme. Hausa ba ta cikin manyan rukunan.

'Yan siyasa kuwa sun san darajarta sarai. Jam'iyyar NPP ta raɗa wa reshenta na zango suna Nasara, NDC ma na da nata reshen na zango. A 2017 gwamnatin Nana Akufo-Addo ta kafa ma'aikata da asusu na musamman don raya zanguna. Lokacin yaƙin neman zaɓe, ɗan takarar da bai iya komai ba zai haddace gaisuwa da Hausa kafin ya shiga Nima. Babban limamin ƙasar, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, wanda aka haifa a Accra a 1919 aka kuma naɗa shi a 1993, da Hausa ya saba yi wa jama'a jawabi, shugabanni na zaune ana fassara musu. Gidan rediyon gwamnati ya daɗe yana watsa labarai da ita, tare da Akan da Ga da Ewe da Nzema da Dagbani.

Harshe ne da ake neman ƙuri'a da shi, ake karanta labarai da shi, amma ba a rubuta jarrabawa da shi.

Harshen uwar wa?

Ghana na da harsuna kimanin 80. Hukumar kula da harsunan ƙasar, wadda aka kafa a 1951, ta daɗe tana aiki da guda 11: Twi na Akuapem, Twi na Asante, Fante, Ewe, Ga, Dangme, Nzema, Dagbani, Dagaare, Gonja da Kasem. A kansu aka gina littattafan firamare da horar da malamai.

Manufar harshen koyarwa ta sha juyawa. A 2002 an koma Turanci zalla tun daga aji ɗaya, bayan 'yan shekaru aka dawo da harsunan gida a ƙananan azuzuwa. A watan Oktoban 2025 ministan ilimi, Haruna Iddrisu, ya ba da umarnin cewa koyarwa da harshen uwa ta zama wajibi, daga baya aka fayyace cewa abin ya shafi ajin renon yara zuwa aji uku na firamare. Hujjar ita ce wadda masana ilimi suka daɗe suna kafawa: yaro ya fi saurin koyon karatu da harshen da yake ji.

Umarnin ya zo ne a shekarar da maƙwabta suka kama hanyoyi daban-daban. A watan Maris Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, a watan Nuwamba kuma Najeriya ta soke manufarta ta koyarwa da harshen uwa ta koma Turanci.

A ƙauyen Ashanti ko na Dagomba, aiwatar da umarnin Ghana ba shi da wuyar fahimta. Malami da ɗalibai harshensu ɗaya. A zango ne lissafin ke rikicewa. A Accra harshen 'yan ƙasa shi ne Ga, a Kumasi Twi. Yaron Kumasi da sauƙi, domin Twi ta cika gari, ko bai so ba zai ji. Amma yarinya 'yar shekara biyar a Nima, wadda Hausa kaɗai ta sani da ɗan abin da ta tsinta a layi, za ta iya samun kanta tana koyon baƙaƙe da harshen da ba na gidansu ba, domin a shirya ta shiga wani harshen da shi ma ba na gidansu ba. An yi dokar ne don sauƙaƙa wa yaro, ita kuma ta ƙara mata hawa guda.

Malamar da ta fito daga zango takan warware matsalar a ɓoye, ta yi bayani da Hausa idan ta ga idanun yara sun yi fari. Amma ba ta da littafi ko ɗaya na hukuma da za ta riƙe, ba a horar da ita kan haka ba, kuma ba dole ne malamin da zai gaje ta ya ji harshen ba.

Masu adawa da shigar da Hausa na da hujjojinsu, kuma ba duka ne na ƙiyayya ba. Akwai harsunan asalin Ghana da dama da har yanzu ke layi suna jiran a amince da su, masu su kuma na ganin bai dace harshen da ke da gata a Najeriya da Nijar ya tsallake su ba. Su kansu 'yan ƙabilar Ga na kukan cewa Twi na cinye harshensu a cikin garinsu, don haka duk wani sabon harshe a ajin Accra suna ganinsa a matsayin ƙarin barazana. Wasu iyayen zango ma Turanci suke so tun daga ranar farko, domin da shi ake samun aiki.

Sai dai hujjar rashin kayan aiki, wadda ke dabaibaye ƙananan harsuna, ba ta kama Hausa. Tana da daidaitacciyar ƙa'idar rubutu, da ƙamusoshi, da littattafan firamare da aka yi shekaru ana bugawa a Zariya, da sassan jami'o'i da ke yaye malamanta. Aikin da za a yi shi ne daidaita su da Hausar da yaran Ghana ke ji, don kada a kawo musu littafin da zai ce musu harshen uwarsu kuskure ne tun daga shafin farko.

Kafin nan, makarantar allo da Islamiyya ne kaɗai wuraren da yaron zango ke jin ana koyar da shi da harshen da yake tunani da shi. Kalmar makaranta ma a Ghana ta tsaya ne ga karatun addini, ta boko sunanta daban. Da yawa daga cikin matasan da ke rubuta Hausa a WhatsApp da haruffan Turanci suke kintata ta, kowa da irin tasa ƙa'idar, domin babu wanda ya taɓa nuna musu yadda ake rubuta ta.

A ƙarshen ƙaramar sakandare kuma, idan aka zo jarrabawar harshen gida, ɗan Nima zai zauna ya amsa tambayoyi da Ga ko Twi, gwargwadon wanda makarantarsu ta samu malaminsa.